Wa Zai Ce Maka Baitinka Ya Karye?

 Makon nan layi ya zo kaina, kuma da shugabanni suka tambaye ni a kan me zan yi rubutu, sai na ce a kan mujallar waƙa. Na san wasu za su yi dariya. A zamanin da mutum zai rubuta waƙa bayan sallar isha'i, ya saka ta a Facebook, kafin ya kwanta mutum ɗari sun danna mata alamar so, wa zai tsaya yana batun takarda? Ku dai ba ni aron hankalinku.

Tambayar da ta sa na zaɓi batun ita ce: a cikin mutum ɗarin nan, wa zai ce maka baitinka na uku ya karye? Ku duba ƙarƙashin kowace waƙa da aka saka a zauren nan. "Masha Allah." "Fasihi ke nan." "Allah ya ƙara basira." Addu'a ce mai kyau, ni ma ina yi wa mutane, ina kuma so a yi mini. Amma na ga waƙar da amsa-amonta ya sauya sau uku kafin a kai baiti na goma, ita ma "Masha Allah" ɗin ta samu, daidai da wadda mai ita ya kwana bakwai yana auna ta. Idan mudu ɗaya ake auna tsaba da ƙaiƙayi, mai koyo ta ina zai gane wanne ya kawo kasuwa?

Rubutacciyar waƙarmu ta boko a gidan aro ta girma. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, jaridar labarai ce, amma ta riƙa ba waƙa wuri, masu karatu suna aikowa ana bugawa. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta ƙaro ƙananan jaridu na larduna, irin su Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Sodangi a Kano. Mu mutanen Gumel a lokacin muna cikin Lardin Kano, don haka Sodangi ce tamu, tunda Jihar Jigawa sai a 1991 aka yi ta. A zamanin nan ne maƙwabcinmu Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta, ya yi waƙoƙin da har yau ake karantawa a aji. Ya rasu a 1958, shekarar da Sa'adu Zungur ma ya rasu.

Abin da ya fi burge ni a mutanen wancan lokaci shi ne ba sa barin waƙa ta wuce ba a tanka mata ba. Sa'adu Zungur ya yi "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin yana matashi bai tsaya a yabon gwani ba, ya mayar masa da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai". Shi Mudi Sipikin ɗin ne daga baya ya jagoranci ƙungiyar Hikima a Kano, Aƙilu Aliyu kuma yana da tasa, Hausa Fasaha. 'Yan Hikima mutanen gari ne, kowa da sana'arsa, suna haɗuwa suna kawo waƙoƙinsu, ana rera su a gidan rediyo. Har da mata a cikinsu: Hauwa Gwaram, wadda garinta yanzu yana cikin Jigawa, da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda aka tara waƙoƙinsu a littafin Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Wani Bature, Graham Furniss, ya zo ya zauna da su a shekarun 1970, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansu a Landan. A ganina filin rediyon nan shi ne mujallarsu, domin wanda ya saurara a wannan makon shi ne mai kawo tasa a mako mai zuwa. A Kudu ma haka abin ya faro. A 1958 J. P. Clark yana ɗalibi a Ibadan ya fara wata 'yar mujallar waƙa ta ɗalibai mai suna The Horn, da sitensil ake buga ta, amma a cikinta waƙoƙin Wole Soyinka da Christopher Okigbo suka fito suna samari.

Tamu ta Gumel ba ta kai ko ƙurar waɗannan ba, amma ita na sani ciki da bai, don haka a kanta zan tsaya.

Ni malamin firamare ne. Mu biyar muka fara: ni, da wasu malamai biyu, ɗaya ɗan Maigatari, da wani tela ɗan Sule Tankarkar mai shago a cikin Gumel, sai wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda dukkanmu muke kira Malam. Zama uku muka yi a kan suna ba mu daidaita ba. Na ce a sa Lautai a ciki, ɗan Maigatari ya ce to su fa, ai masarautar ƙananan hukumomi huɗu ce, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kada na cikin birni su cinye sunan. Tela ya kawo wani suna na Larabci, Malam ya ce ba wanda zai iya faɗarsa a tasha. Ƙarshe muka fito da ita ba suna, mutane suka riƙa cewa "takardar waƙa", har yau kuma haka ake kiranta.

Farar takarda biyu ce, a naɗe su biyu, su ba da shafi takwas. Muna kai rubutun shagon kwamfuta a buga mana, amma yaron shagon ba shi da haruffa masu lanƙwasa, Malam kuwa ya rantse ba za a fitar da takardar da baƙi da baki suka zama abu ɗaya ba. Sai mu zauna da baƙin biro mu bi ainihin kwafin layi-layi, muna yi wa kowane ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsa da hannu, sannan a yi fotokofi. Daga nan sai shagon tela. Yana ɗora takardun a keken ɗinki, ya bi tsakiyar naɗin da farin zare, ɗinki ɗaya daga sama har ƙasa. Na ga littattafan kamfani da suka warware a hannun yara cikin wata guda, amma ban taɓa ganin ɗinkin telan nan ya saki ba.

Malam ya yi karatun zaure kafin ya shiga boko, ya kuma san aruli. Ba ya karanta waƙa da ido kawai. Zai ɗauki takarda ya rera ta ƙasa-ƙasa, yana buga gwiwarsa da yatsa, duk inda yatsan ya yi tuntuɓe sai ya tsaya ya sake. Idan ya sake sau uku abin bai tafi ba, sai ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin ɗangon, ya rubuta kalma biyu a gefe: "Sake ji."

A wajensa na fahimci abin da nake so kowane mai koyon waƙa a zauren nan ya riƙe. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, wata gaɓa mai nauyi, wata marar nauyi, a jere su bisa wani tsari da ke maimaita kansa a kowane ɗango. Rubutun boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali. Dawa ta tuwo da dawa ta daji haruffansu ɗaya a takarda, amma a baki ta tuwo an ja gaɓarta ta farko, ta daji an gajarta. Haka gari na zama da gari na tuwo. Masu ajami sun fi mu sa'a a nan, domin alif da wawu da ya suna nuna musu inda aka ja. Mu 'yan boko idonmu zai nuna mana ɗango biyu tsawonsu ɗaya, gaɓoɓinsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya, mu ce ai shi ke nan, alhali ɗaya yana tafiya ɗaya yana ɗingishi. Shi ya sa mai ƙirga gaɓa da yatsa ba tare da ya buɗe baki ba yake yawan kai wa Malam waƙa a dawo masa da ita. Littafin Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo zai koya maka sunayen karuruwa da yadda ake yanka ɗango, kuma ina ba kowa shawarar ya neme shi. Amma littafi ba zai zauna kusa da kai ya ji inda numfashinka ya sarƙe ba.

Malam ba ya gyara wa kowa baiti. Na sha roƙonsa, musamman idan kalma ɗaya ce ta hana waƙa mai kyau shiga. Sai ya ce, "Idan na gyara masa ta zama tawa. Ka mayar masa, kunnensa ne yake buƙatar aikin."

Shafi takwas waƙa bakwai ko takwas yake ɗauka, idan gajeru ne. Abin da ke zuwa mana ya ninka haka. Ke nan a kowace fitowa akwai waɗanda za a ce wa su yi haƙuri, kuma a ƙaramin gari wanda ka ce wa ya yi haƙuri gobe za ku haɗu a sahu ɗaya a masallaci, ko ka tarar surukin yayanka ne. Akwai wanda ya daina amsa gaisuwata wata biyu. Akwai wani mai hali da ya aiko a gaya mana zai ɗauki nauyin bugawa na shekara guda, in dai waƙar da aka yi masa za ta riƙa zama a shafin farko. A lokacin kuɗin takarda ya tashi, aljihunmu duk ya bushe, ni dai na yi shiru ina lissafi a zuci. Malam ya karɓi waƙar ya rera, ya buga gwiwa, ya ja layi shida, ya ce a mayar tare da godiya. Ba a sake aiko mana ba, waƙar ko kuɗin.

To su wa suke karanta ta?

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ranar Alhamis ta Maigatari ce. Kasuwar dabbobinta tana cikin manya a Arewa: shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga Nijar, tireloli suna lodi zuwa Kudu, ga riɗi da zoɓo a lokacin kaka. Wani direba ne yake ɗaukar mana kwafi goma da asuba, ya ajiye a teburin wani mai shayi kusa da kara. Mai shayin ba ya sayarwa, ajiyewa yake a ƙarƙashin gwangwanin madara, wanda ya iya karatu ya ɗauka ya karanta wa na kusa da shi. Kwafi ɗaya sai ya ratsa kunnen mutum ashirin kafin la'asar. Ban taɓa samun kuɗin kwafi goman nan cif ba, amma daga teburin nan wasiƙarmu ta farko ta zo.

Wani saurayi ɗan cikin gari ne ya yi waƙar yabon saniya, ƙwar biyu, karinta lafiya lau, Malam ya wuce da ita ba ko layi ɗaya. A wani baiti ya kawo hoton Bafulatana tana tatsar karsana da sassafe. Mako biyu bayan fitowarta direba ya kawo mana wata takarda da aka yaga daga littafin lissafi, an rubuta ta da ajami. Wani dillalin shanu ne. Bayan sallama da gaisuwa ga "malamai masu takarda", ya ce waƙa ta yi daɗi, amma a tambayi mai ita a wace ruga ya ga ana tatsar karsana, domin shi shekara talatin yana cikin shanu bai taɓa ganin wadda ba ta haihu ba ta ba da nono. Mun yi dariya har da hawaye, Malam kuwa ya ce wannan wasiƙa ta fi rabin waƙoƙin da muke bugawa amfani. Muka juya ta zuwa boko muka sa a shafi na takwas. Tun daga ranar shafin ƙarshe ya zama na martani, kuma na lura shi mutane suke fara buɗewa. Saurayin ya ji kunya, ya ɓace fitowa biyu, sannan ya dawo da wata waƙar a kan kasuwar kara, wadda ya je ya wuni a cikinta kafin ya rubuta. A wannan karon dillalin ya aiko da layi ɗaya, ya ce yanzu yaro ya ga saniya.

Ta teburin mai shayin ne kuma muka samu wani mutumin tsallaken iyaka, daga wajen Magarya a ƙasar Damagaram. Makarantar Faransanci ya yi, don haka Hausarsa da ƙa'idar rubutun Faransa yake rubuta ta: inda za mu sa u sai ya sa ou, inda za mu sa c sai ya sa tch. Da na fara ganin takardarsa na ɗauka wani yare ne. Malam ya sa na karanta masa a hankali, ya karɓa ya rera, yatsansa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Wannan da kunne yake rubutu." Ni nake juya masa rubutun zuwa irin namu, ba na taɓa ko kalma ɗaya. Da aka yi juyin mulki a Yamai a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta ji jiki, shi ma ƙafarsa ta ɗauke. Watanni ba mu ji ɗuriyarsa ba, sai ga saƙon murya ta WhatsApp daga wata baƙuwar lamba, yana rera sabuwar waƙa, ana jin kukan jaki a bayansa. Har aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024 ta haka yake aikowa, bayan an buɗe ma bai koma takarda ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Gagarawa.

Ambulan ne ya zo ta hannun wani ɗalibi, ya ce yayarsa ce ta ba shi, matar aure ce, kuma ta ce kada a sa sunanta. Waƙa ce ƙwar huɗu a kan tashar jirgin ƙasa ta garinsu. Ga waɗanda ba su sani ba, layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta Gagarawa ya bi, har akwai Gagarawa Tasha. Kakarta tana yarinya takan kai tallan fura bakin jirgi, ita kuma ta tashi tana jin labarin. Waƙar ba ta yi kukan an bar mu a baya ba, irin wanda muka saba ji. Tsohuwar kawai ta bi: yadda take gane jirgi ya kusa tun ba a ji kukansa ba, yadda ake miƙa ƙwarya ta taga a karɓi kuɗi jirgi yana tafiya, da ranar da wani fasinja ya tafi da ƙwaryarta zuwa Nguru, ya dawo mata da ita bayan kwana takwas da goro a ciki. Na karanta na ji tsigar jikina ta tashi. Malam ya rera, ya ja layi huɗu, ya ce a mayar.

Na ce, "Malam, wannan fa ko da layi huɗun ta fi duk abin da ke hannunmu."

Ya ce, "Shi ya sa za a mayar."

Bayan kwana goma yaron ya dawo da ambulan ɗin. Ba ta sauya ko harafi ɗaya ba. Ta dai ƙara 'yar takarda: "A gaida Baba da kyau. A ce masa ni ban san Kamil ko Mutadarak ba. Da karin lugude na yi ta, na mata biyu a turmi ɗaya. Ya gwada ta haka, in ta karye zan gyara."

Malam ya karanta sau biyu. Ya tashi ya shiga cikin gida da takardar, ya bar mu a zaure. Can sai muka ji taɓare sun fara, ya sa jikokinsa mata biyu suna lugude a turmi, muna jiyo muryarsa yana bi. Ya daɗe. Da ya fito ya zauna, sai ya ce, "'Yar nan ta fi ni gaskiya a uku. Na huɗun ko da lugude ya karye." Ya ɗauki biro ya soke layinsa uku da hannunsa, ya bar ɗaya, ya rubuta mata: "'Yata, na ji. Saura wannan." Ta gyara na huɗun, muka buga ta a shafin farko.

A ranar ne ya tuna mana cewa abin da ta yi ba baƙo ba ne. Manazarta sun nuna cewa Aliyu Namangi na Zariya daga kiɗan Caji ya ɗauko karin Imfiraji, waƙar da almajirai da makafi suka yaɗa ko'ina a ƙasar Hausa. Karuruwan Larabawa gado ne babba, amma ba su kaɗai ne a gidan ba. Akwai na turmi, da na dandali, da na gangar noma. Abin da ake nema shi ne mai waƙa ya san wanne ya hau, ya kuma zauna a kansa har ƙarshe. Ni abin da na ɗauka a ranar daban ne. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda duk garin ake jin tsoron jan bironsa, matar da bai taɓa gani ba ta ja da shi ta hannun ƙaninta, ya je ya gwada, ya dawo ya soke kansa a gabanmu. Da "Masha Allah" ya rubuta mata tun farko, da ba ta sami abin da za ta ja da shi ba, mu ma da ba mu san akwai karin lugude a takardarmu ba.

Ita ba ta Facebook. Ƙaramar waya ce a hannunta, kuma ko da babba ce, gidan da take ba za a so a ga sunanta yana yawo ba. Kwafi uku muke aika mata, ta ce ɗaya nata ne, biyu suna zagaya gidaje, ana karantawa a tsakar gida bayan an sauke tukunya. Hakan yakan tuna mini da jajis ɗin Nana Asma'u 'yar Shehu, waɗanda suke ɗaukar waƙoƙinta su kai wa mata a ƙauyuka su koya musu da baki. Ta hanyarta wasu mata biyu suka fara aikowa, su ma ba suna. Na sha jin ana cewa matan karkara ba sa rubutacciyar waƙa. Mai faɗar haka bai taɓa aika takarda inda suke ba.

Batun kuɗi ba shi da tsawo, domin babu su. Mu biyar muke haɗawa idan an yi albashi. Muna cewa duk wata biyu za ta fito, amma da damina ba ta fitowa, saboda masu rubutun da masu bugawar duk muna gona, sai an kai gero gida an yanke riɗi sannan waƙoƙi suke zubowa kamar an buɗe famfo. Wani lokaci wuta ce ke tsayar da mu, wani lokaci tawadar injin. Wanda yake son ya ci riba ya nemi wata sana'ar.

Kada wani ya ɗauka ina zagin waya ne. Da waya nake rubuta muku wannan, kuma a ganina tun bayan rediyo ba a yi abin da ya taimaki waƙar Hausa kamar saƙon murya ba, domin ya mayar da ita kunne, inda ta fito. Yanzu duk wanda zai aiko mana waƙa muna roƙonsa ya haɗo da murya idan yana da hali, kuma rabin gardamar da ake yi a kan kari tana mutuwa da zarar an ji yadda mai ita yake rera ta. Abin da waya ba ta da shi shi ne ƙarancin wuri. Shafin Facebook ba ya cika, don haka ba a taɓa tilasta wa kowa ya zaɓa, wanda bai zaɓa ba kuwa ba ya buƙatar ya saurara da kyau. Mu shafi takwas ne ya tilasta mana. Dole a ajiye wata, dole a faɗi dalili, dalilin kuma dole ya zama wanda za ka iya maimaitawa a gaban mai waƙar idan kun haɗu a wajen ɗaurin aure. Sannan ga ajiya. Waƙar da na saka a wani zaure shekara uku da suka wuce na neme ta na rasa, zauren ma an rufe shi. Fitowarmu ta farko kuwa tana nan a akwatin tela, zarenta bai ko yi baƙi ba.

Na san a zauren nan akwai 'yan Haɗeja da Kazaure da Daura da Maraɗi. Abin da ake buƙata bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, da farar takarda biyu, da mutum ɗaya mai kunne wanda ba ya jin nauyin ido. Na ƙarshen nan shi ne mai wuyar samu. Ku duba cikin tsofaffin malaman firamare, da malaman zaure masu karanta Ishiriniya, da tsofaffin mata masu waƙar daka. Ba lallai sai mai digiri ba.

Malam yanzu ido ya yi rauni, kunnen ma sai an ɗaga murya. Shi da kansa ya ce a riƙa fara kai waƙoƙin Gagarawa. Ƙaninta yana ɗauka ranar Juma'a ya dawo da su ranar Litinin, ita kuma da fensir take jan nata layin, ta ce jan biro na Baba ne. A fitowar da muke shiryawa yanzu ta dawo da biyar. Ɗaya ta wani ce mai digiri na biyu a Hausa, wanda ya kira ni da daddare yana tambaya wace ce wannan editar, a ina ta yi karatu. Na ce masa a Gagarawa take, kuma ɗango na biyu a baiti na shida take magana a kai, ya rera ya ji. Ya kashe wayar ba sallama. Bayan mako biyu ya sake aiko da waƙar, ya sauya kalma biyu a ɗangon, bai ce komai ba. Tana shafi na biyar. An gama fotokofi tun ranar Talata, takardun suna shagon tela, ya ce sai ya sallami ɗinkin wani biki zai hau kansu.